Kambi a Kan Ƙwai

Hotuna huɗu suka zo cikin ambulan ruwan ƙasa,
ranar Talata, ana yayyafi a Liège,
kogin Meuse ya yi launin dalma.
Na ture kofin gahawa, na goge tabarau da bakin riga.

"Zuwa ga Firmin Lhoest," in ji wasiƙar.
"An ce shekara arba'in da ɗaya ka yi a gidan gwajin bindigogi,
an ce ko a duhu ka shafa ƙarfe, ka san maƙerinsa.
Wannan ta kakan kakana ce.
Da ita ya tsaya a Brussels a 1830,
kwanakin da aka kori sojojin Holan.
Ka tabbatar min kawai.
Odile Wathelet, daga Huy."

Kawai.
Kalmar nan ta sha hana ni barci.

A hoton farko tana kwance a kan zanen tebur,
doguwa, siririya kamar sandar makiyayi,
wutsiyar kyanwa ta leƙo daga gefe.
A na biyu kunama ta ɗaga kai,
ƙanƙara na nan a bakinta, ta dakushe.
A na uku ƙota ce, ta tsage,
wani ya ɗaure tsagar da wayar tagulla,
zagaye talatin da biyu, na ƙirga,
babu wanda ya hau kan ɗan'uwansa.

Na huɗu ya yi dishi-dishi,
hannun mai ɗauka ya yi rawa.
Na jawo fitila, na ɗora madubin ƙara girma.
Ga ƙwan nan namu, ga haruffa uku a ciki,
ga ɗan tauraro a ƙarƙashinsu.
A saman ƙwan kuma,
ƙarami kamar kan ƙuda,
kambi.

Ba a soma buga kambin nan ba sai 1893.
Shekara sittin da uku tsakani.
Mutumin Brussels ya daɗe da zama ƙasa
kafin a narka ƙarfen nan.
Irinta ɗari-ɗari ake ƙerawa a lungunan garinmu,
a cika akwatuna, a sayar da araha.

Tsatsa takan yi ƙarya, katako ma haka,
tsofaffi a bakin murhu sun fi su duka.
Hatimi ne ba ya iyawa.
Na sani, don guduma ta ci tafin hannuna.

Takarda uku na yaga.
A ta huɗu na faɗa mata shekarar, ban yi kwana ba.
Sai na ƙara da abin da ba ta tambaya ba:
"Sake duba ƙotar.
Inda kunci ya goge katako har ya yi baƙi
yana ɓangaren da bai kamata ba.
Bahago ne ya riƙe ta, shekaru masu yawa.
Bahago kuwa in ya harba irin wannan,
tartsatsin albarushi a fuskarsa yake tashi.
Akwai wani a gidanku mai gira ɗaya?"

Mako biyu shiru.
Na ce shi ke nan, na kashe mata kaka.

Sai ga kati, rubutu a karkace:
"Kakana Joassin.
Ana ce mana tanderun burodi ne ya lashe girar.
Innata, mai shekara casa'in, ta yi dariya har da hawaye.
Ta ce zomaye ne, a hunturun yaƙi,
da dare, a dajin mai gari,
su bakwai suna jiran tukunya."

Na sa katin a aljihun tebur, kan sauran.
Yayyafi bai tsaya ba.
Akwai wata ambulan daga Namur,
na ji kaurinta, hotuna shida ne ko bakwai.